Baba Ya'u da Jarrabawar Hamida ta Ƙarshe

Duk malamin firamaren da ya yi digirin dogon hutu a Ƙauran Namoda ya san Baba Ya'u, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai farar hula da ke zama kan benci a bakin aji na ƙarshe, kusa da famfo. Wata jami'a ce daga nesa take aron azuzuwan wata sakandare a garin daga Yuli zuwa Satumba. Malamai daga Shinkafi da Zurmi da ƙauyukan da ke tsakani su zo su yi karatu, su rubuta jarrabawa, su koma makarantunsu. Jami'ar kan turo malamanta da takardunta da dokokinta. Masu shara da masu gadi da masu kai saƙo kuwa a nan ake ɗaukarsu, kuma a cikinsu babu wanda ya kai Ya'u daɗewa.

Mutumin Kurya Madaro ne. Ya gama firamare, ya yi noma, ya yi shekara takwas yana gadi a wani kamfanin katako a kudu, sannan ya dawo ya samu aikin masinja a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Shekara ashirin da shida yana kai takardu, ba a taɓa cewa ambulan ya ɓata a hannunsa ba, ba a kuma taɓa jin abin da ke ciki daga bakinsa ba. Gonarsa ta Kurya ya bar ta tun da 'yan bindiga suka mayar da zuwa gona caca da rai, ya tare da matarsa Kulsumu a wani ɗan gida bayan tashar jirgin ƙasa.

Abu ɗaya ne a rayuwarsa ba ya son a tayar. Yana kudu ɗiyarsa Rahama ta rasu da ƙyanda, tana 'yar shekara huɗu. Yayyensa suka zauna suka yanke kada a gaya masa, wai kada ya baro aiki a banza tunda ba tayar da ita zai yi ba. Wata uku yana aiko da gaisuwa gare ta, har da 'yan takalma jajaye. Ran da ya dawo sai da aka dama masa fura ya sha, ya yi sallah, sannan babban wansa ya gyara murya. Ya'u bai yi faɗa da kowa ba. Amma har wan nan nasa ya koma ga Allah, bai sake cin abinci a gidansa ba.

Aikin da aka fi saninsa da shi a wurin jami'ar shi ne tsaron ɗakin karo. Idan ɗalibi ya faɗi wani darasi bara, dole ya sake shi bana, kuma sau da yawa jadawali kan ɗora tsohon darasin da sabon a rana ɗaya, lokaci ɗaya. Wannan shi ne karo. Dokar jami'ar ta ce mai karo ya rubuta ɗaya da safe tare da jama'a, daga tara zuwa sha biyu, sannan a raka shi wani ɗaki a tsare, ya rubuta ɗayar da ƙarfe biyu. A awa biyun da ke tsakani ba waya, ba baƙo, ba saƙo daga waje, domin tambayoyin sun riga sun fita. Wanda ya taka ƙofa ya fita ya bar takardarsa ta biyu.

Shekara tara Ya'u yana riƙe da ɗakin nan. Ya karɓi waya ya kashe ta a gaban mai ita. Idan an miƙo ƙosai ya sake masa takarda, tun ranar da ya samu amsar tambaya huɗu a rubuce a cikin wadda aka naɗo shi. Maza shi ke raka su alwala, mata kuwa sai ya kira Binta mai shara. Ɗalibai, manyan mutane masu jikoki wasunsu, sukan ce masa, “Baba gandiroba, ga fursunoninka mun iso.” Shi kuma ya ce wanda ya yi barci bara shi ya kawo kansa bana, a zauna a yi shiru. Ba ya murmushi idan yana faɗa, shi ya sa abin ke ba su dariya.

Malama Hamida ba barci ta yi ba. Malamar aji huɗu ce a Dauran, cikin ƙasar Zurmi. Digirin na hutu biyar ne, jami'a kuma ba ta yarda mutum ya wuce bakwai. Hamida ta rasa shekara ɗaya ga haihuwa, ta rasa ɗaya a lokacin da gidansu suka yi gudun hijira zuwa Zurmi. A shekararta ta shida, ranar jarrabawar ƙididdiga, aka tare hanya tsakanin Zurmi da Ƙaura, motarsu ta tsaya a bakin wani ƙauye har sojoji suka wuce. Ta iso goma saura kwata. Doka ta ce wanda ya makara fiye da rabin awa ba ya shiga. Aka rubuta mata faɗuwa. Saboda haka a shekara ta bakwai, wadda babu wata bayanta, ƙididdiga ta yi karo da darasinta na ƙarshe, ranar Asabar ta ƙarshen jarrabawa. Idan ta rubuta biyun ta gama. Idan ta rasa ɗaya, shekara bakwai sun tafi.

Wannan karon ba ta yarda da hanya ba. Tun ranar Alhamis ta taho ta sauka gidan Faruku, wan mijinta, mai shagon taki a Ƙaura. Ta baro ɗiyarta Rumaisa'u, 'yar shekara shida, da ɗan zazzaɓi irin na damina, a hannun kakarta da babanta Malami.

Ranar Asabar ɗin, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin da biyar, mai gadin ƙofa ya kawo wa Ya'u Faruku. Hularsa a hannu, bai gama sallama ba muryarsa ta karye. Ƙanensa Malami ne ya kira shi. Zazzaɓin ya hau kan yarinyar da safe, kafin a samu mai babur da zai yarda ya kai su Zurmi ta cika, ƙarfe goma da kwata. Liman ya ce za a jira uwar har ƙarfe uku, ba za a ƙara ko minti ba, domin maƙabarta a bayan gari take, kuma babu mai son la'asar ta same shi a can. Faruku ya zo da mota, tana bakin ƙofa. Daga Ƙaura zuwa Dauran awa ɗaya da rabi ne, idan shingayen hanya sun yi sauƙi.

Ya'u ya kai shi wurin jami'in jarrabawa, Dakta Armiya'u, ɗan Shinkafi, daga gidan malamai da alƙalai. Ba mugun mutum ba ne, kuma wannan na cikin abin da ya fi ba Ya'u haushi daga baya. Ya yi salati, ya zaunar da Faruku, ya ba shi ruwa, sannan ya jera masa hujjoji cikin murya mai laushi. Wadda ta rasu ta rasu. Mace ba ta bin gawa maƙabarta, ba ta tsayawa sahun sallah, to mene ne za ta rasa? Idan an gaya mata yanzu ta fita ta zubar da shekara bakwai, idan kuma ta zauna ba za ta iya riƙe biro ba. A bar ta ta gama ƙarfe biyar, ta kwana, da safe a kai ta. Wannan shi ne tausayi. Faruku ya kira Malami ya maimaita masa. Malami yana kuka ya ce su yi abin da suka ga ya dace.

Ya'u yana tsaye a bakin ƙofa, ba wanda ya dube shi. Ya ce, “Ranka shi daɗe, ita anka tambaya?”

“Ba a kai wa wanda ke ɗakin karo magana daga waje, Baba. Kai ka fi ni sanin wannan.”

Ƙarfe sha biyu da minti biyar aka rako masu karo uku, maza biyu da Hamida. Fuskarta a sake take, takardar safe ta yi mata daɗi. Ta ce masa yau ce rana ta ƙarshe da zai tsare ta, ya kalle ta da kyau, domin nan gaba sai dai ya ji ana cewa mai digiri ta wuce. Ta zauna kusa da taga, ta buɗe littafinta, ta fara bin lissafin da yatsa tana motsa leɓe. Can ta ɗago.

“Baba, na san doka. Ba ni zan riƙe wayar ba. Kai ka kunna ka kira min gida, ka ji jikin yarinya, ka ce min da sauƙi ko babu. Shi ke nan.”

Ya ce doka ta hana. Ta ce to, Allah shi sa lafiya, ta koma ga littafinta.

Ya fita ya zauna kan bencinsa. Abin da ya faɗa gaskiya ne, amma ya san abin da ya yi da gaskiyar. Ya dubi ofis, ya hango Faruku zaune ƙarƙashin dalbejiya ya haɗa kai da gwiwa. Mutum huɗu ke nan suka san ɗiyar matar nan ta mutu, har mai gadin ƙofa, ita kuwa tana haddace yadda ake fitar da matsakaicin maki. Ya tuna ɗanɗanon furar da aka ba shi shekara talatin da wani abu baya, da yadda kowa a zauren yake kallonsa yana sha. Ya dubi agogo. Sha biyu da talatin da biyar. Idan ba ta tashi kafin ɗaya da kwata ba, babu sauran abin tambaya, lokaci ya yanke mata.

Ya kira Binta ya ce ta shiga ta tsaya kusa da Malama. Ya roƙi mazan biyu su koma ƙarshen aji. Sannan ya cire hularsa, ya durƙusa daidai teburinta.

“Malama, ki yi haƙuri. Allah ya yi ma Rumaisa'u rasuwa, ƙarfe goma da kwata.”

Binta ta riƙe ta. Hamida ba ta yi ihu ba. Ta zame daga kan benci ta zauna a ƙasa, tana maimaita innalillahi a hankali, har ya daina ƙirgawa. Da ta yi shiru ya gaya mata sauran, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya saba isar da saƙo. Za a jira ta zuwa uku. Yaya Faruku na waje da mota. Idan ta fita ta bar ƙididdiga. Ya ji ana cewa akwai hanyar neman a sake wa mutum jarrabawa, amma bai san ko tana ɓullewa ba. Ya ce, “Ban ce ki tahi ba, ban ce ki zauna ba. Naki ne.”

Ta ce, “Tun yaushe kunka sani?”

“Sha ɗaya da ashirin da biyar.”

Ta dubi wajen ofis na ɗan lokaci. Sannan ta miƙe, ta gyara hijabinta, ta ɗauki jakarta. Dakta Armiya'u ya fito da sauri yana cewa Malama ta tsaya ta saurare shi minti ɗaya. Ba ta juya ba. Ɗaya saura minti goma motar ta tashi. Daga baya Faruku ya gaya wa Ya'u sun isa uku saura ashirin, an riga an yi wanka an naɗe, amma ba a rufe fuskar ba. Ta zauna da ita kamar kwata, sannan maza suka shigo da makara.

A ofis Dakta Armiya'u ya rufe ƙofa. Ya ce shekara tara ana yabon Ya'u da riƙon doka, yau a minti ɗaya ya kashe wa baiwar Allah shekara bakwai, kuma sai ya rubuta rahoto. Ya'u ya ce a rubuta, amma a buɗe masa littafin dokokin a karanta masa wurin da ya yi maganar mai rasuwa. Aka buɗe. Ɗalibin da ya rasa jarrabawa saboda mutuwar uwa ko uba ko miji ko mata ko ɗa yana iya neman a sake masa. Zai cika fom, ya sa hannu da kansa cewa duk abin da ya haɗo gaskiya ne, ya miƙa cikin kwana bakwai, tare da takardar shaidar mutuwa daga asibitin gwamnati.

Ya'u ya ce a sake karanta masa layin ƙarshe. Aka sake.

Wace takarda, daga wane asibiti? A Dauran wanda ya cika da hantsi kafin la'asar yana ƙasa. Haka a Kurya, haka a Ɗan Isa, haka a duk ƙauyen da ɗaliban nan suka fito. An binne mutanen da aka harbe a gona, takwas a rana ɗaya, ba wanda ya ga likita, ba wanda ya rubuta komai. Waɗanda suka zauna suka tsara dokar nan a ɗaki mai sanyi, asibiti na bayan katangarsu, ba su taɓa tambayar yadda ake mutuwa a nan ba. Sun dai san yadda ake buɗe reshe a ɗauki ɗalibai. Kwana bakwai ɗin kuma da suka yanke su ne daidai kwanakin da uwa ke zaune kan tabarma tana karɓar gaisuwa. Ya'u bai faɗi duk wannan ba. Abin da ya ce kawai shi ne a ba shi fom ɗin.

Ranar Talata ya shiga motar Zurmi, daga can ya hau babur. Ya yi ta'aziyya a ƙofar gida, sannan aka shigar da shi. Ya yi wa Hamida bayani a taƙaice, ta ce ya yi abin da zai iya. Ya samu liman, liman ya rubuta da hannunsa cewa shi ya sallaci yarinyar, ya sa rana da lokaci. Mai gari ya buga hatimi. Hedimastan makarantarsu ya juya takardar zuwa Turanci, ya ƙara sunayen mutum huɗu da suka haƙa kabarin. Ya'u ya naɗe su a leda saboda hadari, ya sa a aljihun ciki, ya kamo hanya tun rana na sama.

Laraba da safe Dakta Armiya'u ya karanta su duka. Ya ce takardu ne masu kyau, shi kam ya yarda da kowane harafi, amma ba shi ke yankewa ba. Kwamiti ne a can jami'a, kuma kwamitin akwati ɗaya yake dubawa a jikin fom: akwai takardar asibiti ko babu. Ya dubi ƙofa, ya rage murya. Ya ce ai kowa ya san yadda ake yi. Bara mutum uku aka sake wa jarrabawa, kuma yana da tabbacin ba a asibiti iyayensu suka rasu ba. Mutum ya nemi wanda ya sani a wurin. Ya ce, “Ni dai ban gaya maka komi ba.”

Ya'u ya ce, “Wato gaskiya ba ta wucewa, ƙarya ka wucewa.”

“Takarda ke wucewa, Baba.”

A gida Kulsumu ta ce masa shi ya ɗauko wa kansa kaya, da ya yi shiru kamar yadda manyansa suka ce da yanzu matar na da digirinta. Ya ce da digirinta, da kuma sanin cewa an zauna ana kallonta. Kulsumu ta ce to, tunda ya fara sai ya ƙarasa, ba ga Mubashir ba? Mubashir ɗan ƙanwarsa ne, yana ɗakin ajiye fayil a wani asibiti. Ya'u ya kai la'asar yana kai da kawowa a tsakar gida. Shi ya buɗe baki, shi ya sa ta fita. Idan shekara bakwai ɗin nan suka zube, da hannunsa a ciki.

Alhamis ya je. Bai iya zama ba, a tsaye ya yi maganar yana kallon bango. Mubashir ya ce haba Kawu, wannan ai ba wani abu ba ne, taimako ne, ya dawo bayan azahar. Ya dawo ya karɓa. Takarda ce mai tambari da sa hannu. Ta ce an kawo Rumaisa'u Malami ƙarfe takwas da rabi na safe, an ba ta gado, likita ya duba ta, an yi mata allura da ƙarin ruwa, ta rasu goma da kwata. Shekara sittin da bakwai a duniya, wannan ce takarda ta farko da ya ɗauka ya ji kamar tana ƙona masa aljihu.

Juma'a ya koma Dauran, domin sai ta sa hannu, kuma wa'adi zai cika Asabar da tsakar rana. Ya same ta a rumfar tsakar gida, ta rame, surukarta na gefe da carbi, Malami na tsugune bakin ƙofar ɗaki. Ya miƙa mata fom ɗin da takardar, ya gaya mata inda ya samo ta, bai ɓoye komai ba. Ta karanta a hankali, kamar mai duba aikin ɗalibi.

Ta ce, “An kawo ta ƙarfe takwas da rabi. Likita ya duba ta. An yi mata ƙarin ruwa.”

Ta ɗago ta dubi Ya'u.

“Baba, da an kai ta asibiti takwas da rabi, da wataƙila tana nan tana wasa. Ga inda ta cika, bisa tabarmar Inna. Babanta na bin gari ƙofa ƙofa yana roƙon masu babur, kowa na cewa ba a ji labarin hanya ba tukuna. Wagga takarda ta ce an yi mata abin da ba a yi mata ba. Kuma ni anka ce in sa hannu in ce haka ne.”

Malami ya ce ta dubi Allah ta dubi wahalar da ta sha, takarda ce kawai, yarinyar ba ta san ana yi ba. Surukarta ta ce ai ba don cutar da kowa ba ne, kuma Allah ya san niyya. Ya'u ma ya yi magana, abin da bai zaci zai yi ba. Ya ce dokar ce karkatacciya, ba ita ba, kuma wanda aka tare wa hanya ba laifi ba ne ya bi ta gona. Ya ce shekara bakwai, Malama.

Ta ce, “Na san ko nawa ne. Ni na yi su.”

Ta ware takardar asibitin ta miƙa masa. Ta jawo ta liman da ta hedimasta ta haɗa da fom ɗin, ta sa hannu a ƙasa, ta rubuta kwanan wata.

A kan babur, a hanyar Zurmi, haushinta ya kama shi sosai. Ya zubar da girmansa gaban ɗan ƙanwarsa, ya bi hanyar nan sau huɗu cikin mako guda da ransa a hannu, ita kuma ta tsaya taurin kai. Kafin su kai shingen sojoji haushin ya bar kanta ya koma inda ya fito, kan masu dokar. Da ya isa gida ya cusa takardar Mubashir a murhun Kulsumu. Asabar ƙarfe sha ɗaya ya miƙa fom ɗin, ya tsaya har aka buga masa hatimin karɓa. A nan aka gaya masa cewa baɗi ba sai ya zo ba, an samu wani.

Amsa ta ɗauki mako goma sha ɗaya. Ta zo ta hannun Faruku, shi ya karanta wa Ya'u a shagonsa kafin ya aika da ita Dauran. Layi biyu ne. Kwamiti ya duba buƙatar, bai samu karɓaɓɓiyar hujjar cewa rasuwar ta auku ba. Tunda ɗalibar ta cika iyakar shekarunta, an cire sunanta. Ya'u ya ce a maimaita masa layin farko da Hausa, a hankali. Faruku ya maimaita, sannan ya ce shi dai da an bi shawarar Dakta. Ya'u ya tashi ya fita ba sallama.

Bayan kwana biyar Faruku ya aiko masa da ambulan a buɗe. Hamida ta ce ya karanta, sannan ya kai inda ya dace. Da Hausa ta rubuta, da rubutun allo mai kyau irin na malaman firamare. Ta ce ta ga amsar kwamiti. Kabarin yana maƙabartar bayan gari a Dauran, na uku daga gindin aduwa ta wajen gabas, gajere ne, an sa fasasshen tulu a wajen kai. Ita ba ta taɓa ganinsa ba, baban yarinyar ne ya kwatanta mata. Duk ɗan kwamitin da ke son hujja ya zo, za a raka shi, amma ya zo kafin la'asar.

Ofishin jami'ar a rufe yake sai wani hutun. Ya'u ya ji cewa Dakta Armiya'u ya zo gida, sai ya bi motar 'yan kasuwa ranar Alhamis zuwa Shinkafi. Ya same shi a zauren mahaifinsa da baƙi biyar ko shida, ana hira. Aka gaisa, aka ba shi wuri, bai zauna ba. Ya miƙa takardar. Dakta ya karanta, ya ninke, ya ce a hankali cewa hukuncin kwamiti ba a ɗaukaka shi, kuma babu wani fom da wannan za ta shiga ƙarƙashinsa. Ya tausaya, Allah ya sani, amma ba shi da inda zai kai ta.

Ya'u ya ce, “To ka rubuta ka karɓa.”

“Baba, nan gida ne, ba ofis ba.”

“Na sani, ranka shi daɗe. Ina jira.”

Hirar zauren ta tsaya. Aka kira azahar a masallacin unguwa, mutane suka fara neman takalmansu, Ya'u na nan tsaye inda yake. Dakta Armiya'u ya laluba aljihu ya ciro biro, ya yagi gefen ambulan ɗin, ya rubuta cewa ya karɓi wasiƙa ɗaya daga Malama Hamida ta Dauran, ya sa hannu da kwanan wata.

Ba a sake jin komai daga jami'ar ba. Hamida tana nan a Dauran da takardar malantarta ta da, tana koyar da aji huɗu, yara sittin da ɗaya a rajista, idan hanya da gari sun yi lafiya arba'in sukan zo.